Shawarwarin da aka ba mai shirin zama a Singafo

A wata tattaunawa da aka yi don ba mai shirin zama a Singafo shawara, bakin mahalarta ya zo ɗaya a kan mota: ka manta da ita. Kafin ka saya, sai ka sayi takardar izinin mallaka ta shekara 10 a gwanjo, wadda kan fi motar tsada. Jirgin ƙasa na MRT ya ishe ka, amma kada ka ci ko ka sha a ciki, tararsa takan kai dalar Singafo 500.

Abinci kuwa, nufi rumfunan gwamnati, akwai na halal da rahusa. In ka ga ƙunshin tishu a kan teburi, wani ya kama wurin ne. Ka kwashe farantinka bayan ci, tun 2021 doka ce.

Cingam ne ya jawo gardama. An hana sayar da shi a 1992, wasu suka ce tsaurin ya yi yawa. Ni dai ban ga asarar ba.