Agogon da Alhaji ya bari: nawa za mu ƙiyasta shi kafin rabon gado?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar tsofaffin agoguna.

Mahaifinmu ya rasu wata huɗu ke nan, yanzu ana haɗa kayansa za a raba gado. A cikin akwatin ƙarfen da yake ajiye takardun gida muka samu agogonsa naɗe a hankici. Seiko ne, ya sayo shi a Jidda a aikin Hajjinsa na 1977. Ba kullum yake ɗaura shi ba, sai Juma'a da Sallah da ɗaurin aure. Idan zai yi alwala sai ya kwance ya miƙo mini in riƙe, ni kuwa in tsaya kamar an ba ni ajiyar ƙwai. Har yau ina tuna nauyinsa a tafin hannuna, da ɗumin jikin Alhaji a murfin bayansa. Da idonsa ya yi rauni ya ajiye shi, ya fi shekara goma sha biyar ba wanda ya taɓa.

Ga kamanninsa. Fuskar rawaya ce mai ƙyalli. Zoben da ya kewaye gilashin ja ne da shuɗi, amma jan ya koɗe sosai. A gefen dama akwai madannai biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, abin saita lokaci a tsakaninsu. Akwai ƙaramar da'ira guda a wajen ƙarfe shida. Ranar mako tana fitowa da Larabci da Turanci. A murfin baya an rubuta 6139-6002, sai wata lamba mai guda shida da ta fara da 74. Da na girgiza shi ya tashi, ya yi kamar awa uku yana tafiya, ya tsaya. Madannin sama yana aiki, na ƙasa ya cije.

Na kai wa wani mai gyara a Sabon Gari. Ya ce zai canza gilashi, ya goge jikin da inji ya koma sabo fil, ya kuma sa masa sabuwar fuska saboda wasu ɗigo-ɗigon baƙi da ke gefen tsohuwar. Muna cikin magana wani da ke zaune a bencin shagon ya karɓa ya juya shi, ya taya dubu tamanin. Na ce albarka. Ya biyo ni har bakin titi ya kai dubu ɗari da hamsin. Biyo nin nan da ya yi shi ya sa jikina ya ba ni akwai abin da ban sani ba. Daren nan kuma ƙanina ya tura wani bidiyo a WhatsApp ɗin gida, wai an sayar da tsohon agogo mai madannai irin wannan sama da dala miliyan 17. Tun daga nan wasu a gida ke ganin arziki ne Alhaji ya bar mana a hankici.

Mu tara ne, huɗu mata, autarmu ko sakandare ba ta gama ba. Ni so nake in riƙe agogon a cire kuɗinsa daga rabona, amma ina tsoron in ƙiyasta shi da araha in ci haƙƙin ƙannena. Mene ne ainihin ƙimarsa? In bari a yi gyaran kafin a ƙiyasta?

Baba Mai Agogo, Zariya:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta.

Ɗana, kafin komai, kada ka bari a kai agogon nan bakin injin goga, kada kuma a cire masa fuska. Idan aka yi haka an zubar da mafi yawan kuɗinsa, kuma ba ya dawowa. Mai gyaran ba lallai cutarka yake nufi ba, mu nan haka muka saba, abu ya yi ƙyalli shi ne gyara. Masu tara tsofaffin agoguna kuwa akasin haka suke nema. Suna duba kusurwoyin jikin, ko suna nan da kaifinsu yadda suka fito daga kamfani, ko goga ta cinye su sun zama sulɓi. Jan zoben nan da ka ce ya koɗe, shi ne shaidar cewa na asali ne. Sababbin fuskoki da zobba na kwaikwayo sun cika kasuwa, masu saye sun gaji da su, shi ya sa wanda bai taɓa shiga hannun masu haɗe-haɗe ba yake da daraja ko da ɗigon baƙi a fuskarsa.

Abin da ke hannunka shi ake kira kuronogiraf, wato agogo mai awon tsawon lokaci: madannin sama ya tayar da dogon hannun ya kuma tsayar da shi, na ƙasa ya mayar da shi sifili, ƙaramar da'irar tana ƙirga minti har talatin. Injinsa, 6139, ya fito a 1969. A shekarar nan ne aka yi tseren wa zai fara fitar da kuronogiraf mai ɗaukar ƙarfi daga motsin hannu. Kamfanin Zenith ya fito da injinsa mai suna El Primero, kamfanonin Heuer da Breitling da Hamilton suka haɗa kai suka fito da nasu, Seiko kuma daga Japan ta fito da wannan ita kaɗai. Har gobe ana gardamar wanda ya riga.

Mai rawayar fuska irin naka masu tarawa suna ce masa Pogue, sunan Kanar William Pogue, ɗan sama jannatin Amurka da ya tafi tashar sararin samaniya ta Skylab a Nuwamban 1973 ya yi kwana 84 a can. Agogon da hukumar NASA ke bai wa ma'aikatanta Omega Speedmaster ne, amma shi ya saba da Seikonsa tun wajen horo, sai ya tafi da shi. Sai bayan shekaru sama da talatin aka gane haka daga hotuna, daga nan neman irinsa ya ƙaru.

Lambar nan da ta fara da 74, a tsarin Seiko ta farko shekara ce, ta biyu wata. Ka ga an ƙera shi a Afrilun 1977, ya yi daidai da Hajjin Alhaji. Wato yana cikin na baya-baya. Na farko-farko, masu rubutun Proof ko Resist a fuska wajen ƙarfe tara, sun fi shi tsada. Larabcin ranar mako kuma yana nuna na kasuwar ƙasashen Larabawa ne, akwai masu son haka.

Sai gargaɗi. Ka daina danna madannin nan da ya cije. Akwai wata ƙaramar ƙafa a tsakiyar injin da ke juya dogon hannun, in ta lalace ba a samun sabuwa, sai an yanka wani agogon an ciro. Kada ka bari ruwa ya taɓa shi, robobin cikinsa sun bushe tuni. Kada kuma ka yi ta murɗa abin saita lokacin kana neman ba shi ƙarfi, wannan injin da motsi kawai yake tashi. Tsayawar da yake yi bayan awa uku na iya zama ƙarfin girgizar ne ya ƙare, ko kuma tsohon mai ne ya daskare. Wanki da sabon mai yake so a hannun wanda ya taɓa buɗe irinsa. Gilashi ana iya canzawa, amma ka karɓi tsohon ka ajiye.

Abban Sadiya, daga Jamus:

Allah ya gafarta wa Baba, ya ba ku haƙuri. Abin da Baba na Zariya ya faɗa haka yake. Ni zancen dala miliyan 17 ɗin zan taɓa, don kada ya raba kan gida a banza.

Labarin gaskiya ne. A ranar 26 ga Oktoban 2017 gidan gwanjon Phillips ya sayar da Rolex Daytona a New York kan dala miliyan 17.75. Amma na Paul Newman ne, ɗan fim ɗin Amurka mai tseren mota, matarsa Joanne Woodward ce ta ba shi da rubutunta a murfin baya. Sunan mai shi aka saya. Irin wannan Daytona ɗin ma lokacin da yake sabo ba ya tafiya a shago, daga baya ne masu kuɗi suka yi masa ca. Don ka san tazarar da ke tsakani: ainihin Seikon Kanar Pogue, wanda ya je sararin samaniya ya dawo, an yi gwanjonsa a 2008 bai kai dala dubu shida ba.

Seiko ta ƙera 6139 da yawa na kusan shekara goma, don haka ba abu ne mai wuyar samu ba. Mai wuyar samu shi ne wanda komai nasa na asali ne. Galibinsu a ɗaruruwan daloli ake cinikinsu, mai tsabta sosai yakan haura dubu. Ka mayar da wannan naira, za ka ga dalilin da mutumin ya biyo ka bakin titi, za ka kuma ga ba kuɗin gina gida ba ne.

Abin da nake so ka ɗauka da muhimmanci shi ne tarihinsa. A Nuwamban 2021 an sayar da wani Omega Speedmaster na 1957 a Geneva kan sama da faran miliyan 3 na Suwizalan, kamfanin Omega da kansa ya saya don gidan tarihinsa. A 2023 ta bayyana cewa haɗa shi aka yi da sassan agoguna daban-daban. Idan masu ƙera abu za su faɗa wannan rami, ka san yadda sauran masu saye ke ɗari-ɗari. Kai kuwa naka hannu ɗaya ya riƙe shi tun 1977. Idan akwai hoton Alhaji sanye da shi, ko rasit, ko akwatinsa, ko sarƙarsa ta asali, ka haɗa su wuri guda.

Wajen neman farashi, kada ka dubi abin da masu sayarwa ke sawa a Chrono24, shafin cinikin agoguna na intanet, wannan kuɗin da suke fata ne. Ka shiga shafin saye da sayarwa na eBay ka zaɓi waɗanda aka riga aka sayar, ka rubuta 6139-6002 ɗin da ke murfin, ka ware biyar ko shida masu kama da naka, har da rashin lafiyar madannin. Ka duba na watannin nan kawai, domin farashin agogunan hannu na biyu ya hau sosai zuwa farkon 2022 sannan ya sauko, tsofaffin bidiyoyi suna ruɗar mutane. Daga abin da ka samu sai a cire kuɗin gyara da la'ada da na aikawa, saboda wanda zai sayar daga Kano ba ya karɓar abin da na Turai ke karɓa cif.

Maman Khalil:

Allah ya jiƙan mahaifinku. Ni ban san agogo ba, amma an raba gado a gidanmu, na ga yadda ƙaramin abu ke ɓata zumunci. Ɗan'uwa, tunda kai ne mai son riƙewa, kada ƙiyasin ya fito daga bakinka. Ka nemo mutum biyu da ba su da niyyar saye su faɗi ƙima, ka buga hotunan cinikin da Abban Sadiya ya ce a takarda, a ajiye gaban malamin da zai yi rabon. Mata huɗun nan a kira su a nuna musu da idonsu, kada a ce an gaya wa mazajensu ya wadatar. Autar kuma a sa mahaifiyarta ko waliyyinta a wurin. Kuma ka tambayi sauran, wataƙila akwai wadda ita ma ta riƙe wa Baba agogon nan lokacin alwala.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, wallahi da ban yi tambayar nan ba ranar Asabar zan mayar wa mai gyaran. Na mayar da shi cikin hankicinsa, ban ƙara danna komai ba.

Hajiyarmu ta ciro mini hoton Alhaji na ranar da ya dawo daga Makka, yana zaune a zaure da farar jallabiya, agogon na nan a hannunsa na hagu, har zoben ana gani. Rasit da akwati babu. Sarƙar dai ita ce tun farko, ta saki kaɗan, akwai sunan Seiko a maɓallinta.

Maman Khalil, maganarki ta ƙarshe ta taɓa ni. Na kira Yaya Babba jiya da daddare, ashe kafin a haife ni ita ke riƙe masa. Ta yi shiru a waya, sannan ta ce in bari sai ta zo daga Katsina ta gan shi tukun. Mun tsayar da zama bayan sallar Juma'a mai zuwa. Baba, in da hali zan so in kawo maka shi Zariya kafin ranar, ka buɗe murfin a gabana mu ga ko tsatsa ta shiga injin.