Fostocin zaɓe da dokar gari: inda ake kafawa, ranar cirewa, da wanda tara ke hawa kansa

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum jama'a. Duk kakar zaɓe sai an ji kukan "an cire mana fosta", a ce bi ta da ƙulli ne. In aka bincika kuwa, galibi wurin da aka kafa ne ya ja, ko wa'adi ya wuce. Waɗanda suka san aikin nan, ta ɓangaren hukuma ko na 'yan takara, a taimaka mana.

Jami'in tsara gari: Wa alaikumus salam. Abin da jami'i ke fara dubawa shi ne ƙasar wa aka kafa allon a kai. Filin titi ba ya ƙarewa a bakin kwalta. Kwata, hanyar masu tafiya a ƙasa da ciyawar gefe duk suna cikinsa, har yakan ci 'yan mitoci daga abin da mai gida yake ɗauka ƙofar gidansa ce. In ba ka da taswirar fili a hannu, duba layin falwayoyi: daga nan zuwa titi ka ɗauka ba naka ba ne.

Sai mararraba. Idon direban ƙaramar mota bai wuce mita ɗaya da 'yan kai daga ƙasa ba, don haka allon da ya kai ƙirjin mutum a kan kwana ya isa ya ɓoye masa babur ko yaro mai tsallakawa. Irin wannan ba a jiran a ba da sanarwa, ɗauke shi ake yi nan take. Haka na tsakiyar shataletale da wanda aka ɗaura a jikin alamar hanya. Kuma a lura, babbar hanyar da ta ratsa gari sau da yawa ba ta hukumar garin ba ce, ta hukumar manyan hanyoyi ce. Takardar izinin gari ba ta aiki a kanta.

Mai buga fosta: Malam ya gama magana kan wuri, bari in ƙara kan kaya. Allon roba mai ramuka a ciki, kaurin milimita 4, shi aka fi kafawa. Inda yake ba da matsala shi ne ɗauri. In aka huda ramin dab da baki, iska ɗaya ta yage shi, sai ka tarar ya zame yana lilo daidai fuskar masu wucewa. A bar tazarar yatsu uku daga baki, a ɗaure sama da ƙasa da igiyar roba biyu. A Dublin, babban birnin Ireland, ƙa'idar ita ce ƙasan fosta ya yi nisan mita 2.3 daga hanyar masu tafiya, saboda makafi da masu keke, kuma ma'auni ne mai kyau ko a ina. Fostar takarda da gam kuwa ita ce babbar fitina, ba ta fita sai an kankare, fenti ya biyo ta. Sannan kada a manta ƙaramin rubutun ƙasa. A Birtaniya dole fosta ta ɗauki suna da adireshin wanda ya buga da wanda ya sa aka buga.

Ma'aikacin wuta: Don Allah a bar ƙusa da waya a jikin falwaya. Ƙusa ɗaya da aka bari tana huda safar hannun roba ta mai hawa, kuma safar nan ita ce tsakaninsa da mutuwa. Mai kafa turke ma ya tambaya kafin ya haƙa, akwai kebul da bututu a gefen titi.

Lauya: Akwai iyaka a kan hukumar ma, kuma shari'o'in Amurka uku sun fayyace ta. A 1984 Kotun Ƙoli ta amince birnin Los Angeles ya hana liƙa fosta a kayan gwamnati, tun da hanin ya shafi kowa. A 1994 ta soke dokar garin Ladue da ta hana mutane kafa alama a gidajensu. A 2015 kuma ta soke dokar garin Gilbert na jihar Arizona, domin ta ware girma da wa'adi daban ga allon siyasa, daban ga na nuna hanyar taro, wato sai an karanta allo kafin a san hukuncinsa. Dokar da ta tsaya kan girma, tsayi da wuri tana da ƙafar tsayawa a kotu. Wadda ta dogara da abin da aka rubuta, a Amurka dai, tana cikin hatsari. Faransa ta bi wata hanya: hukuma ke kafa allunan kusa da rumfunan zaɓe, kowane ɗan takara da gurbinsa daidai da na ɗan'uwansa.

Mai kula da kamfe: Ranka ya daɗe, mu abin da ya fi cin mu shi ne bayan zaɓe. Masu sa kai sun watse, wanda ya faɗi ba ya son ganin fuskarsa ma. A Ireland kwana 7 ake bayarwa bayan kaɗa ƙuri'a, tarar kuma a 2024 yuro 150 ce kan kowace fosta, ba kan ɗan takara gaba ɗaya ba. Fosta ashirin da aka manta, lissafa da kanka. A Ingila kwana 14 ne. Maganin ɗaya ne: tun ranar kafawa a sa wa kowane allo lamba a bayansa, a ɗauki hoto da waya, a rubuta titi da sunan wanda ya kafa. Wanda ya ɗaura shi zai kwance. A tafi da almakashi da buhu, don igiyar robar da aka bari a jikin sanda ita ma shara ce a idon jami'i.

Jami'ar aiwatar da doka: Gaskiya ne, Alhaji. Tsarin da ya kamata shi ne a ɗauki hoton allon a inda yake, falwaya ko kwana na fitowa a hoton, a rubuta rana da sa'a, sannan a cire, a kai sito. A sanar da ofishin ɗan takara a rubuce, a ba shi kwanakin da zai zo ya karɓa, ya biya kuɗin ajiya in doka ta tanada. Inda ake samun rigima shi ne aiki da ƙorafi kaɗai. Jam'iyyar da ta fi yawan masu buga waya sai ta sa a share na abokan hamayya, nata na tsaye. Shi ya sa in aka fita kan ƙorafi ɗaya, a bi titin daga farko zuwa ƙarshe, a cire na kowa da ya saɓa.

Mai buɗe zance: Hajiya, in allon yana cikin gidan mutum amma ya fi girman da aka yarda fa?

Jami'ar aiwatar da doka: Ba a shiga a cire. Takarda ake ba mai gida da wa'adi ya rage shi ko ya sauke. In ya ƙi, sai tara ko kotu.