Gatsen Bature a harshen Poland: mu sa bayani ko mu bari?

Maman Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙawata 'yar Poland aka ba gwajin fassara shafi 20 na Mister Johnson, littafin Joyce Cary na 1939 da labarinsa ya faru a Arewa zamanin Turawa, ta ce in taya ta. Ga inda muka cije: akawu Johnson yana yabon Bature Rudbeck da Ingila kamar ransa zai fita, marubucin kuwa gatse yake yi. A harshensu dole a zaɓi "pan" na girmamawa ko "ty" na tsara. In Johnson ya ce pan, Rudbeck ya ce ty, rainin da aka lulluɓe ya fito fili. Mu sa bayani a ƙasan shafi ko mu bari? Litinin za mu miƙa.

Ɗan Krakow: Wa alaikumus salam. Nawa za su biya? A nan arkusz ake lissafi da shi, haruffa 40,000. Ni zuloti 600, kuɗin Poland, aka ba ni.

Yaya Babba: 600? An cuce ka, ƙanena. Na san wadda ta karɓi ninkin haka. Kuma Cary ya rasu 1957, haƙƙin littafin bai fita ba sai ƙarshen 2027. Ku tambaya ko masu buga littafin sun saya.

Baban Sadik: Hajiya, ku yi hattara. Wata uku na yi ina taya wani kamfani irin wannan aikin. Bayani 14 na rubuta, har da bambancin ɗan doka da dogari. Editan ta share su duka, ta mayar da maganar baƙaƙen labarin gwarancin Kali, baƙin yaron Afirka na littafin Sienkiewicz, marubucin Poland, na 1911. Gatsen ya mutu, mai karatu sai dariya yake wa baƙin mutum. Sunana ma bai fito ba. Ranar da na buɗe littafin a kanti, hannuna rawa yake.

Maman Hanifa: Allah ya saka maka, Malam. To batun pan da ty fa?

Ɗaliba: Wa ya ce ma gatse ne? Marubuci Chinua Achebe ya karanta Mister Johnson a Ibadan, raini ya gani.

Yaya Babba: 'Yata, shekara biyu a aji ba ta kai ki yanke hukunci ba.

Ɗaliba: Baba, da girmanka, ka taɓa fassara ko shafi ɗaya? A Jami'ar Warsaw har Hausa ake koyarwa, can ya kamata su tambaya.

Ɗan Krakow: Ku sa Johnson ya ce "ranka ya daɗe" kowa ya huta!

Baban Sadik: Ba abin dariya ba ne. Makon da aka karanta musu littafin Sienkiewicz ɗin a makaranta, Sadik ya dawo ya ƙi cin abinci, wai 'yan ajinsu Kali suke kiransa.

Yaya Babba: Haka aka yi wa jikata. Ka je wurin malamar, ko shiru ka yi?