Tsohuwar wayar bidiyo ta Baba ta ƙi tashi, a taimaka da shawara

Assalamu alaikum jama'a. Muna kwashe kayan marigayi Babanmu na ci karo da wata waya mai ƙaramin allo da kyamara a samanta, an rubuta AT&T VideoPhone 2500. Daga Amurka ya zo da ita tun muna yara. Na jona adaftarta a soket, ta yi wani ɗan ƙara, sai ƙaurin ƙonewa, shi ke nan. Ba don kuɗi nake son ta ba, kayan Baba ce. Tana gyaruwa? In ta gyaru, zan iya kira da ita?

Mai gyaran talabijin, Sabon Gari: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ƙanena, kai ka ƙona ta da hannunka, amma kada hankalinka ya tashi. Kayan Amurka wutar bolt 120 suke sha, tamu kuwa 230 ce. Galibi adafta ce ke fara mutuwa ta ceci na'urar. Kada ka sake jona ta. Karanta abin da aka rubuta a jikin adaftar, a samo mai fitar da wuta daidai da hakan, ko a gyara ta a haɗa mata tiransfoma mai rage wuta. Bayan nan a buɗe wayar a duba kafasita, wato 'yan ƙananan gwangwanayen da ke tara wuta a allon ciki. Abin da ya haura shekara 30, za ka ga wasu sun kumbura, wasu sun tsiyayar da ruwa sun ci layukan allon ciki. A cire su, a goge wurin da sifirit, a sa sababbi. Kuma don Allah kada ka kai wa yaran da ke gyaran wayar hannu su hura mata iska mai zafi, robar ta tsufa, narkewa za ta yi.

Wani memba: Malam, ka ajiye ta a shokes kawai. WhatsApp ya gama da wannan zance.

Tsohon ma'aikacin layin waya: Tambayarka ta biyu ce mai wuya, ɗana. Wannan waya ta fito a 1992, ana sayar da ita kusan dala 1,500, kuma layin waya na ƙasa take bi, irin na zamanin NITEL. Hoton ma ba ya wuce guda 10 a daƙiƙa, mutum yana motsi kamar mai ciwon baya. Sannan sai wanda ka kira yana da irinta. Ita kaɗai murya kawai za ta ba ka. In ka samo ta biyu, ka haɗa su ta ƙaramin akwatin intakom na ofis mai layin analog, ka kira ɗaya daga ɗaya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Baba. Yanzu na tambayi Hajiya, ta ce biyu ya sayo, ɗayar tana gidan kawu a Zariya. Ranar Asabar zan je.