Zanzibar da iyali: Nungwi ko gabas? Waɗanda suka je su ba mu labari

Baban Hafsa, Nima

Assalamu alaikum jama'a. A hutun makaranta na watan Agusta, in Allah ya kai mu, ina so in kai uwargida da yara Zanzibar, har da tsohuwata in ta yarda ta hau jirgi don abin da ba aikin Hajji ba. Hotuna kam na kalla har na gaji, ko'ina rairayi fari fat, ruwa shuɗi, ba ka gane na gaskiya da na talla. Wani ya ce Nungwi, wani ya ce Paje, wani ya ce Jambiani. Ni abin da nake nema shi ne inda yara za su shiga ruwa hankalina a kwance, kuma inda Maman Hafsa za ta zauna da hijabinta ba tare da ta ga abin da zai sa ta ce mu tattara mu koma Accra ba. Waɗanda suka taka da ƙafarsu nake son ji, ban da "an ce".

Ɗan Aboabo, Kumasi

Wa alaikumus salam Yaya. Kafin ka zaɓi otal, ka fara sanin halin ruwan, don a can ruwa ne ke tsara maka yininka.

Mu da muka saba da tekun Labadi da Kokrobite mun san teku a matsayin abu mai fushi, igiya ta doke ka, ta ja ƙafarka ta ƙasa, iyaye na ihu kar yaro ya wuce gwiwa. Gabashin Unguja, wato babban tsibirin da ake kira Zanzibar, ba haka yake ba. Can nesa da gaɓa akwai shingen duwatsun murjani, a nan igiyar ke karyewa. Kana hango farin kumfa a layi ɗaya, kana jin rugugi, amma ruwan da ke gabanka a kwance yake lumui.

Sai dai yana tafiya. Na sauka a Jambiani da yamma, ruwa har gindin katangar masauki. Da hantsi na fito da gajeren wando, babu teku. Ya janye ya bar fili, kwalekwale duk sun kwanta a gefe guda a kan rairayi, sai ka yi tafiya mai nisa ruwan bai wuce idon sawu ba. Wajen la'asar ya dawo abinsa, kuma da sauri yake dawowa. Sau biyu yake cikowa ya janye a kwana ɗaya, kuma kowace rana lokacin na jinkirta da kusan minti 50. A kwanakin da ya fi ƙarfi, tsakanin cikarsa da janyewarsa ya kan kai kusan mita 4. Namu na nan bai wuce mita ɗaya da wani abu ba, shi ya sa ba mu ma lura da shi.

To, Paje, Jambiani, Matemwe, Kiwengwa duk haka suke. Nungwi da Kendwa a arewa suke, gaɓarsu na da zurfi, musamman Kendwa, ruwan ba ya guduwa, kowane lokaci ka so ka yi iyo. Kowane masauki na gabas yana da jadawalin ruwan, wasu a allo suke rubutawa da alli. Ka duba shi tun daga gida a intanet.

Hajiya mai atamfa, Mamobi

Baban Hafsa, ni Kendwa na zauna, kuma zan faɗa maka gaskiya tsakani da Allah. Kyau dai ba magana. Rairayin laushi gare shi, ba ya ma zafi sosai a ƙafa da rana tsaka, ruwan kana tsaye har ƙirji kana ganin farcen ƙafarka. Da yamma rana na faɗawa cikin teku a gabanka, jiragen katako masu tafiya da iska suna giftawa. Mu a nan gaɓarmu kudu ta fuskanta, ba mu samun wannan.

Amma ɗana, Turawa ne cike da wurin, kuma kayan jikinsu wanda ka sani ne. Babu wanda ya kalle ni don mayafina, a wannan fannin ba ka da damuwa, matan garin ma duk a lulluɓe suke. Matsalar ita ce inda kai za ka sa idonka. Tsohuwarka kuwa carbinta zai sha aiki. Sannan akwai kiɗa. In wata ya cika ana yin wani casu a Kendwa, mutane na zuwa daga duk tsibirin, sai gab da asuba. Na kwana ina jin ganga a cikin haƙarƙarina.

Ga kuma samarin bakin ruwa, mutanen can papasi suke ce musu. Ka zauna ba ka huta ba wannan ya zo da tallan yawon jirgi, wancan da tabarau, ga Masai da jan mayafi da sanda suna sayar da tsakiya. Ni 'yar kasuwa ce, ban ga laifin mai neman abinci ba. Ka ce "hapana, asante" da fara'a, ka ƙara da sallama, yawanci da sun ga kai Musulmi ne sai hira ta canza.

In ka je arewa ka kai yara Nungwi su ga masu sassaƙa jirgi. Da gizago da kurfi suke aiki a ƙarƙashin inuwa, suna cusa auduga a tsakanin katakai. Kusa da hasumiyar fitilar jiragen ruwa kuma akwai wani tafki da ake kula da kunkurun teku.

Auta, Fadama

Hajiya kin ce carbi zai sha aiki 😂 Allah ya bar mana ku.

Maman 'yan biyu, Madina

Ni kuwa abin da Ɗan Aboabo ya kwatanta kamar matsala, shi ya fi burge ni da yarana. Da ruwa ya janye a Jambiani sai ƙauyen gaba ɗaya ya sauko. Mata da zannuwansu na kanga suna shiga fili, kowacce da gonarta: turaku ne a kafe a jere, an ɗaura igiyoyi, a jikin igiyar ciyawar teku ke girma. Mwani suke kiranta. Tun wajen 1989 aka fara nomanta a Paje da Jambiani, kuma yawanci aikin mata ne. Suna zaune a cikin ruwa har ƙugu, suna tsinka suna ɗaura sabon iri, su ɗauko buhu a ka su shanya a ƙofar gida. Ana fitar da ita waje, wasu kuma na yin sabulu da man shafawa. Wata dattijuwa ta bar 'yan biyuna suka riƙe mata igiya, ba Swahili gare mu ba, ita ba Turanci, amma mun fi awa tare. Ta nuna min inda ciyawar ta yi fari ta ruɓe, ta yi alama da hannu cewa zafin ruwa ne. Wahalar aikin ta fi kuɗinsa nesa ba kusa ba, sai na sayi sabulu da yawa ban yi ciniki ba. A nemi izini kafin a ɗauke su hoto, don Allah. Wasu ba sa so, kuma suna da gaskiya.

Wasu matan kuma da sandan ƙarfe suke yawo suna zungurar ramukan dutse, suna farautar pweza, wannan halittar mai hannuwa takwas. Da madarar kwakwa suke dafa ta a ci da shinkafa.

Yaya, abu biyu kada ka sake. Na farko takalmin roba mai rufe ƙafa ga kowa, saboda akwai bushiyar teku, baƙa mai dogayen ƙayoyi, tana lafewa tsakanin duwatsu, in ƙayar ta shiga tafin ƙafa karyewa take yi a ciki. Na biyu, in kuka bi fili kuka yi nisa, ku sa ido kan matan nan. Da ka ga sun fara ɗaukar buhunansu, ku ma ku juyo, ruwa ya taso ke nan. Ba ta gabanka kaɗai yake zuwa ba, yana cika kwaruruka ta bayanka.

Ga Maman Hafsa kuma: da doguwar riga da wando na shiga ruwa, ko kallo ban isa ba. Ta dai zaɓi yadi mara nauyi mai saurin bushewa. Paje ban ba ku shawara ba, a Agusta iska na kaɗawa sosai, masu wasan lema da allo sun cika ruwan, igiyoyinsu na wucewa ta kan mutum.

Baban Hafsa, Nima

Madalla. Amma wannan pweza ɗin, ana ci kuwa? Malam yana nan?

Malam na Asawase

Ina nan, Alhaji. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, mutanen can kuma galibinsu Shafi'awa ne, suna ci. Ko ranka zai karɓa, wannan kuma tsakaninka da cikinka. Abin lura shi ne manyan otal-otal na bakin ruwa suna sayar da giya, sai ka tambaya kafin ka biya kuɗin ɗaki.

Masallaci ba ya wahalar samu, ko a ƙaramin ƙauye kiran salla zai tashe ka. A sallar asuba za ka ga liman ya ɗago daga ruku'in raka'a ta biyu ya ɗaga hannu ya yi alƙunutu a bayyane, jama'a na amsawa da amin. Ka bi su kawai. Ka gaya wa tsohuwarka tun da wuri kar ta ɗauka an yi rafkanuwa.

Batun ruwan nan kuma, lissafin wata ne, kuma mu ne ma'abota lissafin wata. Janyewa da cikowa sun fi ƙarfi a farkon watan Musulunci da kuma wajen 14 da 15. A wajen 7 da 22 ruwan ba ya nisa sosai. Mai son ganin gonakin mata ya nufi tsakiyar wata, mai son iyo a gabas ya nufi ɗayan. Ka ga kuma tsakiyar watan shi ne daren gangar da ta hana Hajiya barci a Kendwa, to lissafi ɗaya ya warware maka biyu.

In da hali ku je Kizimkazi a kudu. Akwai tsohon masallaci da ke da rubutun Kufi a jikin bangon alƙibla mai tarihin shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Na yi nafila a ciki.

Auta, Fadama

Yaya bari in kawo na takardu. Babu jirgi kai tsaye daga Accra, ko ka bi ta Addis Ababa da Ethiopian, ko ta Nairobi da Kenya Airways. Mai fasfon Ghana ba ya bukatar biza, amma in a gidan akwai mai fasfon wata ƙasa a bincika nasa daban tun da wuri. Katin allurar shawara dole ne, kowa da nasa. Daga Oktoban 2024 kuma gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorarta, dala 44 ga babba, ko da kana da wata. Ka biya ta intanet kafin ku tashi. Kar a sa leda a kaya, an hana ta a Tanzaniya tun 2019. Agogonsu na gaban namu da awa 3, kuma a Swahili daga wayewar gari ake fara ƙirga awa, in mai jirgi ya ce "saa mbili" ƙarfe 8 na safe yake nufi. Ka sa ya nuna maka a waya.

Agusta lokaci ne mai kyau, babu ruwan sama sosai, ba zafi. Maris zuwa Mayu ne damina mai ƙarfi.

Daga Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, ana ɗaukar kwalekwale zuwa Nakupenda, tudun rairayi ne a tsakiyar teku, ba bishiya ko ɗaya, in ruwa ya ciko sai ya shanye shi. Ana kafa rumfa a gasa kifi. Yawanci ana haɗawa da tsibirin Changuu, inda aka gina kurkuku a 1893 amma aka mai da shi wurin killace masu cuta. Manyan kunkuru ne a can, asalinsu kyauta ce daga Seychelles a 1919, yara za su haukace.

Gargaɗi ɗaya. Wani mai kwalekwale ya rantse mana akwai rigunan hana nutsewa, muka biya, da muka shiga sai ga guda uku yagaggu ga mutum goma sha wani abu. Muka sauka, kuɗin bai dawo duka ba. Ka ga rigunan da idonka, har da na yara, kafin ka zaro ko sisi. Haka in an ce za a kai ka Mnemba, a gefen tsibirin za a tsaya ku leƙa kifaye, ba a sauka, wurin na wani otal ne.

Kawu na Sabon Zongo

Duk kun yi ta ruwa. Ɗana, ka ware yini ɗaya ka shiga cikin Stone Town da yaran. Ku je inda kasuwar bayi take, wadda aka rufe a 1873 aka gina coci a wurin. Ku sauka ɗakunan ƙasa. Wanda ya taɓa shiga kurkukun Elmina ko ya je Salaga zai gane wurin ba sai an yi masa bayani ba, sai dai a can masu cinikin da yawa sunayensu irin namu ne. Ya kamata yaro ya san wannan ma. Da magariba ku wuce Forodhani, dandalin masu sayar da abinci a bakin teku, ku sha ruwan rake da citta, ku ci urojo, wata miyarsu mai ɗan tsami. Tsiren nasu dai kar ka sa rai, bai kama ƙafar na Nima ba. Kuma a cikin gari a suturta jiki, hukuma ma ta gargaɗi baƙi a kan haka, ko da yake ku wannan ba ta shafe ku ba.

Baban Hafsa, Nima

Allah ya saka da alheri, Kawu. Na fi karkata ga Jambiani, mu leƙa Kendwa yini ɗaya. Saura abu ɗaya: tsohuwa na fama da gwiwa, ba za ta iya bin ruwa cikin fili ba.

Hajiya mai atamfa, Mamobi

To ka juya lissafin kaɗan. Jambiani zuwa Kendwa tafiya ce ta wajen awa biyu a mota, zuwa da dawowa a yini ɗaya zai karya ta. Ku fara da gabas a tsakiyar wata, in casun ya wuce ku koma arewa ku kwana. Ka nemi ɗaki a ƙasa, ka ce su turo maka bidiyon hanya daga ƙofar ɗaki zuwa rairayi, don wasu masaukan a kan dutse suke, matakala ce mai tsayi har ƙasa. A gabas a ajiye mata kujera a inuwa bayan azahar, ruwan da kansa zai zo ya same ta. Kuma ka saya mata kanumfari da kirfa a kasuwar Darajani, ba a shagon otal ba. Ni ma a taho min da rabin kilo, zan aiko da kuɗin ta momo.