Wa ya fara saka ku a fili? Labaran rawar gida daga Bauchi da Gombe

Malamar Firamare, Yelwa

Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. A makarantar da nake koyarwa a nan Bauchi an ɗora mini shirya yara don ranar al'adu. Ajina ya haɗa Bajari, Basayi, Bafulatani, Bageri, ɗan Tangale da Bahaushe. Na ce kowa ya nuna mana rawar gidansu, sai kusan dukkansu suka yi taku iri ɗaya, wanda suke gani a waya. Kayan sakawa kam iyaye sun kawo, har da saƙi da tsakiya, amma ƙafa ba ta san hanya ba. Abin ya tsaya mini a rai. Don Allah kowa ya ba mu labarin yadda ya fara shiga fili, wa ya saka shi, kuma me ake yi a garin ranar. Abin da ido ya gani nake so.

Ɗan Darazo

Wa alaikumus salam, Malama. Ni takai ce, kuma yayana ne ya saka ni. Bayan an gama girbi, da daddare, samarin unguwa kan yi da'ira a dandali, kowa da gajeriyar sandarsa, makaɗa na tsakiya. Taku biyu, ka juya ka haɗa sanda da na gabanka, ka sake juyawa ka haɗa da na bayanka. Kiɗan da sanyi yake farawa, sai ya riƙa ɗumi har ka daina jin ƙarar sanduna daban-daban, ka ji ƙas guda ɗaya kawai.

Kafin a yarda in shiga, Yaya ya daɗe yana tsayar da ni a bayan gida muna haɗa karan dawa. Abin da yake ta nanata mini shi ne kada in kalli sandata, in kalli kafaɗar wanda zan haɗu da shi, don ita ke fara gaya maka zai juyo. Wanda ya makara da ƙiftawar ido, sanda a kan yatsunsa take sauka, ko kuma ta sauka a kan na wani, wanda ya fi muni. Shi ya sa sarkin samari ba ya barin masu rigima da juna su shiga da'ira sai ya sasanta su. Ina ganin wannan ne babban amfaninta a wurinmu: ba yadda za ka yi gaba da mutumin da gobe da dare za ka miƙa masa yatsunka.

Baba Mai Ritaya, Kumo

Malama, Allah ya yi miki albarka da wannan tambaya. Ni a gona na fara rawa, ba a dandali ba. A ƙuruciyarmu, tun Gombe tana ƙarƙashin jihar Bauchi, kafin a ba mu jiha a 1996, ana gayya sosai a ƙasar Akko. Mai gona ya sanar, matan gida su dama kunu su yi tuwo, samari su fito da garmunansu, mai gangar noma ya biyo su.

Kowane ƙaƙƙarfan manomi yana da takensa. Makaɗin yana bin bayan masu huɗa, in ya ga wani ya fara sanyi sai ya matsa kusa da shi ya saki takensa, ya haɗa da kirarin ubansa da kakansa. Wallahi za ka ga mutumin da ya gaji ya sunkuya kamar yanzu ya zo. Wanda ya riga kowa fita ƙarshen kunya shi ke ɗaga garma sama ya taka rawa a bakin gona, mata su rangaɗa guɗa. Ranar da aka fara kaɗa mini take, kawuna ne ya je ya raɗa wa makaɗin sunan kakana. Ban san ya yi ba. Ina cikin huɗa sai na ji gangar tana kiran gidanmu. Daga wannan rana aka daina aikena ɗebo wa manya ruwa, aka fara lissafa ni cikin masu garma.

Abin da nake so matasa su gane, ba wanda ya hana gangar noma. Aikin ne ya sauya. Garmar shanu ta yawaita, tarakta ta zo, maganin feshi ya rage noman ciyawa, wanda ke da kuɗi ya ɗauki 'yan ƙwadago. Da gayya ta ja baya, makaɗin ya rasa wanda zai bi. In kin ga an kawo rawar manoma a taro yau, garmar ta ado ce, ba ta taɓa ƙasa ba.

Maman Hanan, Azare

Baba ya tuna mini da gida. Mu mata gaɗa ce makarantarmu ta farko. In farin wata ya fito, 'yan mata su yi rabin da'ira suna tafi, ɗaya ta fito ta taka, ta juya baya ta saki jikinta gaba ɗaya, sauran su cafe ta su cilla ta ta dira a kan ƙafafunta. Goggona ce ta tura ni ranar farko, ƙanwar babana, lokacin ita ma ba ta yi aure ba. Wuyar abin a sakin jiki yake. In kika ɗan riƙe kanki don tsoro, sai ki yi nauyi a hannunsu ku zube tare. A cikin waƙoƙin gaɗa muka fara jin zancen miji, kishiya da uwar miji, abubuwan da uwa ba za ta zaunar da ke ta faɗa miki ba saboda kunya.

Da na yi aure kuma sai kiɗan ƙwarya a cikin gida ranar suna, an kifa ƙwarya a kan ruwa, mata zalla, ba namiji ko ɗaya.

Abu Sumayya, Jahun

Ina girmama kowa, amma a faɗi gaskiya, ba duk abin da aka gada ne abin riƙewa ba. Na ga wasannin da ake cakuɗa maza da mata har asuba, na ga inda ake haɗawa da shaye-shaye da tsafi. Iyayenmu da suka janye 'ya'yansu suna da hujja. Malama, ki duba abin da za ki koya wa yaran mutane.

Maman Hanan, Azare

Malam, maganarka tana kan hanya, kuma ba wanda ya ce a dawo da komai. Amma ka duba waɗanda aka ambata zuwa yanzu. Takai ta samari ce, gaɗa ta 'yan mata ce a ƙofar gida iyaye na jin muryarsu, kiɗan ƙwarya na cikin gida ne. Da muka bar waɗannan, yaran ba su daina rawa ba. Je ka wurin biki yanzu ka ga abin da ake yi a gaban DJ, ango da amarya a tsakiya, kowa ya ɗaga waya. Ni dai tsakanin biyun na san wanda zan zaɓa wa 'yata.

Ɗan Bogoro

Sannunku duka. Ni a barikin soja na tashi, nesa da gida, yarenmu na Zaar, wato Sayanci, ma kaɗan nake ji. Sai da na girma babanmu ya kai mu Lemb Zaar, bikin da mutanenmu na Tafawa Ɓalewa da Bogoro ke yi wajen watan Nuwamba don godiya a kan amfanin gona. Ƙauyuka suna zuwa ƙungiya-ƙungiya, kowace da makaɗanta, kuma tun daga nesa tsofaffi ke gane mutanen wane gari ne ke tahowa, daga jin kiɗan kawai. A nan na fara ganin rawarmu ta Lawurba da idona.

Ina tsaye a gefe da takalmi sau-ciki, sai wani ƙanen kakana ya kama wuyan hannuna ya ja ni cikin layi. Bai ce mini komai ba. Ya dai riƙe hannun, in lokacin dira ƙafa ya yi sai ya matsa, in na ɗagawa ne ya sassauta. Haka muka zagaya filin har ƙafata ta kama. Da muka fito, tsofaffin da ɗazu suke tambayar ɗan wane ne wannan baƙon suka fara kirana da sunan kakana. Tun daga shekarar nake kai yarana, ko da kuɗin mota zai ci rabin albashi.

'Yar Billiri

Ɗan'uwa na Bogoro, labarinka kusan nawa ne, sai dai ni a gida na tashi. Namu babban taron shi ne Pissi Tangale, ƙarshen shekara, lokacin da 'yan gari na Legas da Abuja da Jos suke dawowa, Mai Tangale ya fito. Amma gaskiya ba a can na koyi taku ba. A Zumuntar Mata ta coci na koya, a bayan mamata, tun ina riƙe mata jaka. Tulun da ake bugawa da tafin hannu, da kacau-kacau, da yadda mata ke sunkuyar da kafaɗa su ja ƙafa, kakata ta ce duk daga rawar gida aka ɗauko su, waƙar ce kawai aka sauya. Ita tana cikin waɗanda aka hana zuwa rawar gargajiya da suka shiga coci, kuma har ta rasu tana cewa ƙafarta ba ta taɓa mantawa ba. Malama, ki nemi iyayen yaran nan mata, da yawansu sun iya, ba a taɓa tambayarsu ba ne.

Bappa, Dukku

Namu sharo ne, wasu su ce shaɗi. Mutanen gari bulalar kawai suke gani, amma kafin a kai ga bulala akwai rawa mai tsawo. Samari sun sha kitso da kwalli, 'yan mata sun yi layi, ana kiɗa ana zagayawa, a nan ake ganin juna. Ni ɗan baffana ne ya tsaya mini ranar da na fara cire riga. Ka ɗaga hannu, ka riƙe madubi kana kallon fuskarka, don ka tabbatar ba ta motsa ba lokacin da sandar ta sauka. Wanda ya doke ka kuma yana sane cewa akwai ranar ramuwa.

Ba zan ɓoye ba, na ga wanda aka ji wa mummunan rauni, kuma na ga wasan ya rikiɗe ya zama faɗa tsakanin dangi. Shi ya sa a wurare da dama manya suka taka masa birki. Ɗana ban sa shi ba. Amma rawar da ake yi kafin bulalar na koya masa, don ita ba ta cutar da kowa.

Ɗan Toro

Rawar Asharuwa ta ƙabilar Afizere, a taƙaice: kana busa sarewa kana rawa a lokaci guda, kuma sarewarka ita kaɗai ba ta cika waƙa sai ta haɗu da na sauran. Babana ya fara ba ni sarewar tun kafin ya bar ni in taka. Ya ce numfashi ake fara koya, ƙafa ta biyo baya.

Tsohon Ɗan Tawaga, Bauchi

Na yi shekaru a wata tawagar raye-rayen gargajiya, muna fita tarukan gwamnati da gasa a wasu jihohi. Na taka Kyaro ta Warjawa, na taka Ngat-al-Bajar ta mutanen Dass, alhali ni ba ɗan ko ɗaya ba ne. Ina alfahari da aikin, don ba don irin waɗannan tawagogi ba da wasu raye-rayen ba wanda zai san da su a wajen ƙaramar hukumarsu.

Sai dai akwai abin da ke ci mini rai har yau. A taro minti biyar ake ba ku, wani lokaci babban baƙo na tsakiyar gaisawa da mutane za a ce ku fito. Don haka sai mu yanke farkon rawar, inda take tafiya a hankali, mu fara daga inda ta yi zafi, mu juya kowa ya fuskanci rumfar manya. Rawar da aka gina a kan da'ira, kowa na kallon ɗan'uwansa, ta koma layi. Wata rana bayan mun sauka wani dattijo daga ƙasar Warji ya same ni ya ce mun yi ƙoƙari, amma mun fara daga inda su suke gamawa. Malama, in za ki koya wa yara, ki bar su su yi da'irarsu ko da za su juya wa iyaye baya, kuma ki nemi a ba ki lokaci isasshe. Gara rawa biyu cikakku da guda shida guntaye.

Ɗan Gidan Makaɗa, Jekadafari

Duk kun yi maganar masu rawa, bari in yi ta masu kiɗa, don a nan matsalar ta fi tsanani. Gidanmu kalangu muka gada. Kakana shi ke yi wa mahauta kiɗa, babana kuma 'yan mata da bukukuwa. Ni ban fara da shiga fili ba, riƙe wa Baba kalangu na biyu na fara, in damina ce in kai shi kusa da wuta fatar ta ɗame, don in ta sha sanyi muryarta mutuwa take. Daga nan ya koya mini matse tsarkiya a hammata, yadda za ka sa kalangu ya faɗi sunan mutum har ya waiwayo. Mai rawa gula yake bi, amma makaɗin kirki shi ma ƙafar mai rawa yake kallo, in ya ga ta gaji ya sassauta, in ya ga tana da sauran ƙarfi ya ƙara wuta. Rikodin ba ya ganin ƙafar kowa.

Yanzu a gidanmu ni kaɗai na iya, kuma ɗinki nake yi, don kiɗa ba ya ciyar da gida. Mai biki ya gwammace ya biya DJ sau ɗaya da ya kira makaɗa a yi ta liƙi. Ƙannena kuma kunyar a kira su maroƙa suke ji, har neman aure ya taɓa lalacewa a danginmu saboda wannan suna. Mai sassaƙa mana icen kalangu ya rasu, wanda nake da shi na Baba ne, fata kawai nake sauyawa.

Malama, kada ki kunna musu waƙa a sifika. Kowace ƙabila da kika lissafa tana da ƙungiyar 'yan gari a cikin Bauchi, ki bi ta hannun iyayen yaran a samo muku makaɗi ko da mutum ɗaya ne, a biya shi haƙƙinsa kamar yadda ake biyan mai rumfa da kujeru. In ranar ta faɗo Asabar, ni zan shigo motar safe daga Gombe da kalanguna, kuɗin mota kawai za ki ba ni.