Biyan marasa aikin yi kuɗi: taimako ne ko koyar da zaman kashe wando?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai game da ƙasashen da gwamnati ke biyan mutum kuɗi idan ya rasa aikinsa, alhali da ƙarfinsa da lafiyarsa, kuma bai kai shekarun ritaya ba. Na gane dalilin tallafa wa tsoho da maraya da mai naƙasa. Amma majiyi ƙarfi fa, daga ina kuɗin ke fitowa, kuma me zai hana shi miƙe ƙafa ya daina neman aiki?

Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam. Malam, abubuwa biyu ne ka haɗa wuri guda. Na farko inshora ce, ba kyauta ba: ana cirar wani kaso daga albashin ma'aikaci ko daga aljihun mai kamfani, ko duka biyun, a tara a asusu, sai ranar da aiki ya kuɓuce a biya mutum daga ciki. Birtaniya ta kafa irin wannan a dokarta ta 1911, inda leburorin gini da masu ƙera jiragen ruwa da makamantansu ke karɓar sule 7 a mako, har tsawon mako 15. Jamus ta bi sahu a 1927, Amurka kuma a 1935.

Kuma kuɗin ba ya zuwa haka siddan. A Jamus sai mutum ya yi zubi na aƙalla wata 12 kafin ya cancanta, sannan a ba shi kashi 60 cikin 100 na albashin da yake kaiwa gida, ko kashi 67 idan yana da yara, galibi na shekara guda. Wanda ya ajiye aiki da kansa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ana iya dakatar da biyansa har mako 12. A yawancin jihohin Amurka mako 26 ne iyakar tsawon lokacin da ake biyan mutum. Abu na biyun da ka haɗa shi ne agajin da ake biya daga kuɗin haraji ga wanda inshorarsa ta ƙare ko bai taɓa zubi ba, kuma shi sai an binciki abin da mutum ya mallaka.

Malamar Lissafi:
Baba Akawu ya yi bayani, amma ina ganin bai kamata a yi watsi da fargabar mai tambaya ba, domin masana tattalin arziki sun daɗe da lura cewa idan aka tsawaita wa'adin biya, wasu kan ɗan jinkirta karɓar sabon aiki. Abin tambaya shi ne ko jinkirin duk asara ne. Injiniyan da yunwa ta tilasta wa karɓar duk aikin da ya fara cin karo da shi, ƙasa ta yi asarar iliminsa, alhali da ya sami 'yan watanni na numfasawa, wataƙila da ya koma fagen da ya ƙware.

Ƙasar Finland ta gwada abin a 2017 da 2018: ta ɗauki marasa aiki 2,000 tana ba kowannensu yuro 560 duk wata ba tare da sharaɗi ba, ko da ya sami aiki. Ba su guje wa aiki ba, ba su kuma fi sauran samun aiki da wani yawa ba, sai dai sun ce hankalinsu ya fi kwanciya. Masu goyon baya da masu adawa duk ba su sami abin da suka so ji ba.

Ɗan Ƙungiya:
Duk misalan nan na ƙasashe ne da kusan kowane ma'aikaci sunansa na cikin rajista. Inda mafi yawan jama'a ke sana'ar hannu ko aikin lada na yini, babu takardar albashi balle ta sallama, ta yaya hukuma za ta tantance wanda ya rasa aiki? Shi ya sa Indiya ta ɓullo ta wata hanya a dokarta ta 2005, wadda ta yi wa kowane gida a karkara alkawarin aikin ƙarfi na kwana 100 a shekara, bisa tunanin cewa mai abin yi ba zai zo haƙar tafki a rana ba. Afirka ta Kudu kuwa a 2020, lokacin annobar korona, ta fara biyan rand 350 a wata ga manya marasa aiki da ba su da wani tallafi.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Malama, batun injiniyan nan ya shige ni. Ɗan Ƙungiya, tsarin Indiya ya fi kwanta mini a rai, sai dai ina tunanin mace mai goyo da wanda ya yi karatu mai zurfi, waɗanda haƙar tafki ba za ta yi musu ba. Su a wane layi za a saka su?